Guntun Layin da Jirgi Ba Ya Bi: Sharhi Kan Mahaɗar Dogo da Matsayin Ƙasar Katagum

A yawancin tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa da ke bakin garuruwan Arewa akwai abin da ke ɗaure wa masu wucewa kai. Layin dogo yakan rabu biyu kafin ya shiga tasha, ɗaya ya miƙe, ɗayan ya karkata gefe, ya yi 'yar tafiya, sannan ya dawo ya haɗe da ɗan'uwansa ko ya faɗa wani layin dabam. Sau da yawa wannan na gefen ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a kansa. Masu gani sukan yanke hukunci nan take cewa kuɗin gwamnati ne aka binne a ƙasa.

A Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum kuwa, inda jirgi bai taɓa zuwa ba, ruɗanin ta wata fuska yake fitowa. Tun da aka ji cewa aikin layin Kano zuwa Maraɗi zai fitar da reshe zuwa Dutse, ake ta cewa jirgi ya ƙaraso bakin ƙofa, saura ƙiris. Maganganun nan biyu tushensu ɗaya: auna amfanin dogo da tsawonsa ko da kusancinsa, alhali abin da ke raya layi shi ne yadda ya haɗu da sauran layuka. Guntun ƙarfen nan mai tsatsa na cikin abubuwan da ke yin wannan haɗin.

Ma'anar kalmomin

Kafin a shiga gardama, ya kamata a raba abubuwa huɗu da ake cakuɗawa.

Reshe shi ne layin da ya fita daga babban layi ya nufi wani gari ya tsaya can, kamar na Kano zuwa Nguru ko na Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Inda reshe ya rabu da uwarsa shi ake kira mahaɗa, kuma Kaduna da Kafanchan da Zariya da Kuru duk mahaɗu ne.

Layin kauce shi ne ɗan gajeren layi da ake shimfiɗawa kusa da babban layi, a haɗe shi da shi ta kai da ta ƙafa. Dalilinsa a fili yake. Tsohon dogon Najeriya kusan dukkansa layi ɗaya ne, jirgi mai zuwa da mai dawowa kansa suke bi. Jirgi ba mota ba ne da zai ratse gefen hanya, don haka dole a tanadi wurin da ɗaya zai shiga ya tsaya ɗayan ya wuce.

Layin haɗi shi ne guntun da ke ɗinke layuka biyu ba tare da jirgi ya shiga babbar tasha ya juya ba. Idan aka yi irinsa a kusurwa uku, sai ya ba da siffar duwatsun murhu: jirgi na iya fitowa daga kowane ɓangare ya nufi kowane ɓangare, ana kuma iya juya kan jirgi a wurin ya fuskanci inda ya fito.

Na huɗu shi ne layin ajiya, wanda ma'aikatan reluwe ke kira saidin, kalmar da aka aro daga Ingilishi. Shi bakinsa ɗaya ne, yana shiga harabar masana'anta ko sito ko wurin lodi ya ƙare. A nan ake jera taragu ana loda musu kaya.

Akwai kuma geji, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu. Tsohon layinmu milimita 1,067 ne, sabon da ake kira na zamani kuma milimita 1,435. Ƙafafun jirgi a kafe suke a jikin sandarsu, ba sa matsowa ba sa buɗewa, saboda haka jirgin wannan ba ya hawa layin wancan ko da sun kwanta kafaɗa da kafaɗa. Wannan batu zai dawo a gaba, domin shi ne ƙashin bayan matsalar.

Yadda dogo ya kewaye ƙasar Katagum

Dogo ya iso Kano a 1911. Aikin shimfiɗa shi, wanda Hausawa suka sani da aikin diga, bai daɗe da ƙarewa ba cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma daga nan kowane reshe da Turawa suka ƙara bin kaya ya yi: gyaɗa, auduga, fata da ƙirgi, shanu, kuza. Reshen Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Na Kano ya kai Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Malam Madori ta zama tashar ƙasar Haɗeja, Nguru ta zama matattarar gyaɗa da ƙaro da dabbobi daga Barno da ƙasar Nijar.

Wannan reshe shi ne mafi kusa da arewacin ƙasar Katagum, amma kusancin na taswira ne. Tsakanin garin Katagum da dogon akwai fadamun kogin Jama'are da na Haɗeja, waɗanda da damina kan shafe hanya. Ita kuwa Azare, wadda fadar Sarkin Katagum ta koma cikinta tun farkon zamanin Turawa, tana kudu da layin da tazarar kusan kilomita ɗari.

Dama ta biyu ta zo gab da samun 'yancin kai, lokacin da aka yi niyyar kai dogo Maiduguri. Mai duba taswira zai ga hanya biyu: a ci gaba daga Nguru, ko a taso daga tsaunukan Jos. Ta biyun aka bi. Da rancen dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya bayar a 1958, aka ja layi daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, tsawon kimanin kilomita 640. Ta haka aka bar ƙasashen Katagum da Misau da Jama'are, har zuwa Potiskum, a tsakiyar layuka biyu, ɗaya ta arewa ɗaya ta kudu, ba wanda ya taɓa su.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne layukan biyu ba su taɓa haɗuwa ta gabas ba. Taragon da aka loda a Bauchi zai je Kano, sai ya bi Kuru, Kafanchan, Kaduna, Zariya, tafiyar da ta ninka ta mota. Wanda ya tashi daga Nguru zai je Maiduguri kuwa sai ya zagaya fiye da kilomita 1,000, alhali garuruwan biyu a da lardi ɗaya suke. An gina dogon ne don fitar da kaya zuwa bakin teku, Legas da Fatakwal, ba a gina shi don garuruwan Arewa su yi ciniki da juna ba. Gurbin da ƙasar Katagum ke ciki shi ne daidai inda ya kamata a ce an yi babban layin haɗi.

Titi ne ya cike gurbin. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta bi ta Wudil da Shuwarin da Jama'are da Azare da Potiskum da Damaturu, kuma tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye. Hatsi da wake da riɗi da dabbobin yankin a kan wannan titi suke fita, cikin tireloli, da duk abin da ke tattare da hakan na tsadar man dizal, lalacewar hanya da haɗurra.

Me ke kashe layin kauce da layin haɗi?

Dalili na farko ƙarancin jirage ne. Layin kauce ba ya aiki sai jirage biyu sun haɗu. Idan jirgi ɗaya ne ke bin reshe a mako, ya je ya dawo, ba wanda zai kauce wa wani, sai ƙarfen ya kwanta yana tsatsa. Tun daga shekarun 1970 sufurin dogo ya fara ja da baya: dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, kuɗin man fetur ya tafi gina tituna, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta rasa kayan gyara da kawunan jirgi masu lafiya. Reshe irin na Nguru ya koma ganin jirgi jifa-jifa, wani lokaci a farfaɗo da zirga-zirga, wani lokaci ta tsaya.

Na biyu, masana'antun da aka yi wa layin ajiya sun mutu ko sun koma ga tirela. Masaƙun Kakuri a Kaduna misali ne da kowa ya sani. Idan mai kaya ya daina lodi, layin da aka ja dominsa ya zama maraya.

Na uku shi ne kulawa. Wurin da layi ke rabuwa yana da harsunan ƙarfe masu motsi da ake turawa dama ko hagu don a karkatar da jirgi. Suna son mai, suna son shara, suna son ma'aikaci a kusa. A ƙasa mai rairayi kamar ta Birniwa da Nguru, iskar hunturu kaɗai ta isa ta cushe su. Idan hukuma ta rage ma'aikata, abu mafi sauƙi gare ta shi ne ta ɗaure harsunan wuri ɗaya ta rufe tashar. Daga nan ɓarayin ƙarfe su shigo, masu gini da 'yan kasuwa su matso. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne asarar ke ɓoye, domin rufe layin kauce ɗaya yana rage ƙarfin layin gaba ɗaya. A ɗauka akwai wurin kaucewa a kowane kilomita 20, jirgi kuma na gudun kilomita 40 a awa. Kowane rabin awa jirgi zai iya fita daga wani yanki wani ya shiga. Idan aka rufe biyu a tsakani, yankin ya zama kilomita 60, mai jira sai ya yi awa ɗaya da rabi a tsaye. Jinkiri ya ƙaru, fasinja da mai kaya su gudu, jirage su ƙara raguwa, a sake samun hujjar rufe wata tashar. Haka kuma tsawon layin kauce ne ke iyakance tsawon jirgin kaya: jirgin da ya fi layin tsawo ba zai iya ɓuya a cikinsa ba.

Darasin geji

Tarihin Arewa ya riga ya nuna abin da bambancin geji ke yi. A 1914 aka kammala wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kwasar kuza, mai faɗin milimita 762. Sunan Bauchi aka laƙaba masa saboda a lokacin tsaunukan na cikin lardin Bauchi, amma bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodawa a manyan taragu. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai kaya suka koma can, siririn ya yi ta ja da ƙyar har aka rufe shi a 1957.

Yau ana sake shiga irin wannan yanayi, sai dai wannan karon abin ya fi girma. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, wanda aka buɗe a Yulin 2016, na zamani ne. Ya tashi daga Idu a bakin Abuja ya tsaya a Rigasa a bakin Kaduna. Tsohon layi na nan a cikin garin Kaduna, da tashar jiragen ruwa ta tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a 2018, amma tarago ba zai tashi daga Rigasa ya hau shi ba. Ana gina sababbin tashoshi a bayan gari ne saboda fili ya fi araha, biyan diyya ya fi sauƙi, layin zamani kuma ba ya son kwana mai tsanani. Hujjoji ne masu ƙarfi. Illarsu ita ce fasinja na sauka nesa da inda za shi, sai ya nemi mota ko a-daidaita-sahu. A Idu an yi ƙoƙarin magance wannan da ƙaramin jirgin cikin birni da aka buɗe a 2018, wanda ya tsaya a 2020 aka sake tashinsa a 2024.

Layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 na zamani ne. Na Kano zuwa Maraɗi, mai kimanin kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi, shi ma haka, har da reshen Dutse. Amma gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa Bauchi da Gombe, a kan tsohon geji aka tsara shi, reshen Nguru ma a tsohon geji yake. Ma'ana, ƙasar Katagum za ta kasance da sabon geji ta yamma, tsoho ta arewa da kudu, kuma babu guntun layin haɗi da zai ɗinke su kai tsaye.

Akwai dabarun da wasu ƙasashe suka bi. Ana iya shimfiɗa ƙarfe uku a layi ɗaya don jiragen geji biyu su bi, kamar yadda ake yi a yammacin Ostireliya da wasu sassan Japan. Sifaniya na da jiragen da ƙafafunsu ke sauya faɗi. Indiya kuwa tun 1992 ta ɗauki hanyar mayar da yawancin layukanta geji ɗaya. Kowace dabara da tsadarta, kuma mafi arha a farko ita ce tashar sauke-lodi, inda ƙugiya ke ɗaga kwantena daga wannan jirgi ta ɗora a wancan.

Ra'ayoyi

Masu ra'ayi na farko na cewa a cire duk guntayen da ba a amfani da su, a sayar da ƙarfen kafin ɓarayi su gama da shi, a ba da filin ga masu bukata. A ganinsu kowace naira da aka kashe a kan tsohon geji jinkirta sabon aiki ce. Akwai gaskiya a ciki: ba kowane layin ajiya ne zai sake ganin tarago ba.

Na biyu na cewa abin da ya fi ƙarfen daraja shi ne filin da yake kwance a kai. Ƙarfe ana sayo shi, amma hanyar da ta ratsa unguwa, idan gidaje suka hau kanta, dawo da ita sai da rusau da shari'a da diyya. A Birtaniya akwai layukan da ake tura musu jirgi sau ɗaya a mako, kamar wanda ke bi ta tashoshin Denton da Reddish South a gefen Manchester, saboda rufe layi a hukumance na da doguwar ƙa'ida, kuma barinsa a raye na ajiye damar gobe. Wannan ra'ayi ya fi ƙarfi a bakin manyan birane irin Kano, inda unguwanni ke cinye gonaki shekara bayan shekara, kuma layin da ya fita ta gabas zuwa Jogana zai iya zama hanyar jigilar ma'aikata da 'yan kasuwa safe da yamma.

Na uku ya shafi Katagum kai tsaye: a ja reshen Dutse ya wuce Azare da Potiskum da Damaturu har Maiduguri. Masu wannan kira na nuni da yawan jama'a, da kasuwar shanu ta Potiskum, da noman fadamar Haɗeja da Jama'are, da cibiyoyi irin asibitin tarayya na Azare da jami'ar jiha da ke Gadau. Masu ja da su na cewa an riga an zuba kuɗi a tagwayen titi a daidai wannan hanya, bashin da ake ci don dogo ya yi yawa, tsaro kuma sharaɗi ne, kamar yadda harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a 28 ga Maris 2022 ya nuna, wanda ya tsayar da zirga-zirga har zuwa Disambar shekarar.

Idan aka auna, ra'ayi na biyu da na uku ba sa karo da juna, kuma sun fi na farko hangen nesa. Reshen da ya ƙare a Dutse, mai tazarar kusan kilomita ɗari daga Kano, gajere ne ƙwarai ga jirgin kaya. Dogo na cin riba ne a doguwar tafiya da kaya masu nauyi. Ɗan kasuwar da ya loda buhunan wake a Azare ba zai sauke su a Dutse don a kai su Kano ba, domin kuɗin sauke-lodi zai cinye ribar. Zai yi hakan ne kawai idan taragon zai wuce har Legas ba tare da an sake taɓa kayan ba, wanda ke nufin sai an kammala layin zamani daga Kano har bakin teku. Idan ba haka ba, reshen Dutse zai iya gadon halin da reshen Nguru ke ciki.

Abin da zai iya biyo baya

A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, aka cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Yanzu jiha na iya yin dokarta ta gina dogo a cikin iyakarta. Gina layi daga Dutse zuwa Azare ya fi ƙarfin aljihun jiha ɗaya, kuma ya ratsa jihohi biyu, amma akwai abin da Bauchi da Jigawa da Yobe za su iya yi da kuɗi kaɗan: su auna hanya, su keɓe filinta a hukumance, su hana gini a kai. Azare na faɗaɗa, kuma filin da yau gona ne a bakin gari, nan da shekaru kaɗan unguwa ne.

Ga wakilan yankin a majalisu da sarakuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, tambayoyin da suka fi amfani ƙanana ne kuma na fasaha. Tashar Dutse, an tsara ta a matsayin ƙarshen layi ne, ko an bar mata baki ta gabas don a ci gaba? A inda reshen Dutse ya haɗu da babban layi kusa da Kano, akwai layin haɗi da zai ba jirgi damar wucewa kudu kai tsaye, ko sai ya shiga tasha an juya kansa? An tanadi wurin sauke-lodi tsakanin sabon layi da reshen Nguru, da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawachiki a 2023? Layukan kauce nawa ne a kan reshen, kuma tarago nawa kowanne zai ɗauka? Ana yanke waɗannan ne a kan takardar zane tun kafin a zuba tsakuwa, kuma gyara su bayan an gama gini ya ninka tsada.

A ɓangaren tsohon layi, mafi ƙarancin abin da ake bukata shi ne hukumar jiragen ƙasa ta ƙidaya layukan kauce da na ajiya da suka rage tsakanin Kano da Nguru, ta ware waɗanda za a riƙe, ta sa musu alamar iyaka da mai gadi. Tashar Malam Madori na cikin waɗanda suka cancanci a fara da su, domin har yau ita ce dogo mafi kusa da manoman shinkafa da alkama na Haɗeja da arewacin Katagum.